Saura Gwaji Biyu



A taronmu na watan jiya wasu daga cikin matasanmu sun kawo shawarar a daina wahalar rubutu a babban littafi da yanka rasit, a mayar da lissafin ƙungiya gaba ɗaya cikin waya. Na miƙe na ce ban yarda ba, har wani daga baya ya ce Sakatare ya fara tsufa, aka yi dariya, ni ma na yi. Ban ba da hujjata a wurin ba, domin tana da tsawo, kuma akwai abin kunyata a cikinta. Dattawan kwamiti sun san labarin. Sauran jama'a ba su sani ba, alhali kuwa kuɗinsu ake magana a kai. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi a nan kowa ya karanta.

A durowar teburina akwai wata baƙar waya mai madannai, BlackBerry Q10. Fentin gefenta ya goge, batirinta na cire na naɗe a takarda. In an mayar da batirin aka yi mata caji tana kawo wuta har yau, amma ba ta kira, ba ta karɓar saƙo, kuma ba na iya buɗe ta. A cikinta akwai lissafin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya.

Waɗanda suka yi wayo a Legas tsakanin 2010 da 2013 ba sai an gaya musu mene ne BlackBerry ba. Lokacin in ka haɗu da mutum ba lambar wayarsa kake tambaya ba, PIN ɗinsa kake tambaya, haruffa da lambobi guda 8. In ka aika saƙo ta BBM ka ga D, ya isa. In ta koma R, an karanta, babu sauran ƙaryar ban gani ba. Kowane wata mutum ya biya kuɗin BIS ya huta. Har fim 'yan Nollywood suka yi a kan 'yan matan da ke haukar wannan waya. A yajin aikin janye tallafin mai na Janairun 2012, da yawa daga cikinmu ta saƙonnin BBM muke sanin wace hanya ce a rufe kafin mu fito daga gida. Kamfanin da ke ƙera ta sunansa Research In Motion, a garin Waterloo na ƙasar Kanada, kuma a 2012 masu amfani da ita a duniya sun kai wajen miliyan 80.

Sai dai tun a lokacin ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafarsu. iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya a 2008, mutane suka koma wayar shafawa mai tarin manhajoji. Tsohon tsarin da ke tafiyar da BlackBerry an gina shi ne don saƙo da wasiƙun ofis, ya kasa gudun da zamani ke yi. Sai kamfanin ya sayi wani tsari mai suna QNX a 2010, ya gina sabo fil a kansa. Aka yi ta ɗage ranar fitowa, har dai ranar 30 ga Janairun 2013 aka ƙaddamar da shi da sunan BlackBerry 10, tare da wayoyi biyu, Z10 ta shafawa da Q10 mai madannai. A ranar ne ma kamfanin ya ajiye tsohon sunansa ya koma amsa BlackBerry.

Gaskiya abin ya yi kyau. Duk saƙonninka, na BBM da na tes da imel, suna taruwa wuri guda da ake kira Hub, ka ja yatsa ka leƙa ka dawo kan abin da kake yi. Amma kasuwa ba ta karɓe shi ba. Manyan masu manhajoji da yawa ba su yi masa nasu ba, ga shi bai zo da BIS ɗin da ya sa mutanenmu suka ƙaunaci tsohuwar ba. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya bayyana asarar kusan dala biliyan 1 a wata uku kacal, mafi yawa saboda Z10 da suka yi kwantai, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata 4,500. A Oktoban 2013 aka saki BBM ga masu Android da iPhone, wato abin da ke riƙe mutane ya zama na kowa.

Ni duk wannan ban san shi ba a lokacin, daga baya na bi na karanta. Abin da na sani kawai shi ne a 2014 na je Computer Village a Ikeja na sayi Q10 ta hannu, kuma a shekarar ce aka ba ni sakataren wannan ƙungiya. Ina da ƙuruciya, ina da difloma, ina ganin na zo da gyara.

Kun san muna karɓar ajiya daga 'yan uwanmu da ba su da asusun banki: masu shayi, masu gadi, 'yan acaba, masu tura baro a kasuwa. Mutum ya kawo abin da ya samu a mako, a rubuta, a haɗa a kai asusun ƙungiya, ranar da zai tafi gida ko wata lalura ta taso ya karɓa. Marigayi Baba Ma'aji, Allah ya jiƙansa, shi ke rubutawa a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, yana ja wa kowane shafi layi da rula. Sai na ce wannan ɓata lokaci ne. Na buɗe wa kowane mai ajiya shafi a manhajar rubutu ta wayata, in mutum ya kawo kuɗi in rubuta a gabansa in nuna masa. Rasit ma muka daina yankawa. Kwamiti suka yaba, aka ce ƙungiya ta shiga zamani.

Baba bai yi musu da ni a gaban jama'a ba. Bayan an watse ne ya kira ni gefe, ya karɓi wayar ya jujjuya ta a hannunsa, ya ce, "Ɗana, masu wannan abin a ina suke?"

Na ce, "Kanada, Baba."

Ya ce, "To in suka tashi daga kasuwa fa?"

Na yi dariya na ce, "Baba, ai shugaban Amurka ma irinta yake riƙewa. Waɗannan ba sa tashi."

Ya miƙo mini ita, ya ce, "Allah ya sa. Amma dai kowane mako ka riƙa karanto mini abin da ka zuba a ciki." Haka muka yi ta yi. Ina karantowa yana rubutawa, ni kuwa a raina ina cewa rigimar tsufa ce. Ya ci gaba har tsakiyar 2016, lokacin da yanar ido ta hana shi ganin layi. Daga nan littafi ya tsaya, ni kuma ban ce wa kowa ya ɗora ba.

Yanzu ku duba yadda masu abin suka tashi daga kasuwa. Ba dare ɗaya suka yi ba, kuma ba a ɓoye ba. A ƙarshen 2015 kamfanin da kansa ya fitar da waya mai suna Priv, wadda Android ke tafiyar da ita, ba tsarinsa ba. Mai abinci ya koma cin na maƙwabta, wannan kaɗai ya isa ishara. A Fabrairun 2016 WhatsApp suka sanar za su daina aiki a kan BlackBerry a ƙarshen shekara. A Satumban 2016 kamfanin ya ce ya daina ƙera waya da kansa. WhatsApp suka ƙara wa'adi zuwa Yunin 2017, suka sake ƙarawa zuwa 31 ga Disamban 2017, daga nan suka rufe. Akwai wata dabara da muke yi ta ɗora manhajojin Android a kan wayar, amma tsarin ya tsaya ne a kan Android 4.3, don haka duk manhajar da ta nemi abin da ya fi wannan sai ta ƙi buɗewa. Kowane wata sai ka ga wani abu ya daina aiki, kamar gidan da masu haya ke fita ɗaya bayan ɗaya.

Duk sanarwar nan na gan ta. Kowane ƙarin wa'adi sai na ɗauke shi a matsayin shaidar cewa barazana ce kawai. Sai da WhatsApp ta tsaya cak na sayi Android. Na kwashe lambobin mutane, na kwashe jimillar masu ajiyar da ke nan Legas, domin su kullum suna gabana. Sauran tsofaffin shafuka na ce zan kwafe su ranar Lahadi. Na kashe Q10 na jefa a durowa. Ranar 31 ga Mayun 2019 aka rufe BBM na gama-gari, tsohon zaurenmu da hotunan da ke ciki suka tafi, ban ko motsa ba. A Satumban 2020 kamfanin ya sanar da ranar ƙarshe, ya ba da fiye da shekara guda. Ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe manyan kwamfutocin da BlackBerry 10 da waɗanda suka gabace shi ke dogaro da su, tare da gargaɗin cewa daga ranar ba a da tabbacin kira ko tes ko data a kan waɗannan wayoyi. Saura 'yan makonni tsarin ya cika shekara 9 da fitowa. Lahadin da na yi alkawari kuwa ta shekara huɗu ba ta zo ba.

Cikin shafukan da na bari akwai na wani mai shayi, mutumin kirki, marar hayaniya. Tun 2015 yake kawo ajiya, burinsa ya gina ɗaki biyu a garinsu. Wajen ƙarshen 2017 ciwo ya kama shi ya tafi gida. Ya samu sauƙi ya zauna yana noma. Sau biyu ya kira ni, na ce ko a turo masa kuɗinsa, ya ce, "A'a Malam Sakatare, a bar su nan. In suka zo hannuna narkewa za su yi." Na ce to, ban kuma tashi na duba nawa ne ba.

Bayan rufewar nan da 'yan watanni sai ga ƙanin matarsa ya zo Legas da labarin rasuwarsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ya ce kafin ya cika ya gaya wa matarsa yana da naira 286,000 a hannun ƙungiya. Aka juyo aka dube ni. Na ce babu damuwa, komai a rubuce yake, gobe zan kawo.

Daren nan na nemo tsohuwar caja na jona. Da jar fitilar nan ta kawo har hamdala na yi. Waya ta tashi, ta nemi kalmar sirri. Na sa wadda nake zato, ta ce ba ita ba ce, ta nuna mini 1 cikin 10. Na sa sunan 'yata ta fari, ba ita ba. Na haɗa da shekarar haihuwarta, ba ita ba. Wanda bai san BlackBerry ba zai ce ai sai a yi ta gwadawa. To ita ba haka take ba. An gina ta ne don ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni, in aka yi kuskure sau 10 sai ta share duk abin da ke cikinta da kanta, don kada ɓarawo ya samu. Tsaron da nake yi wa mutane alfahari da shi, shi ne ya tsaya a gabana. Na kai na shida gumi ya jiƙa mini riga. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka ajiye haka nan, ka kwana a kai." Ban ji ba. Na ƙara biyu. Da na ga 8 cikin 10 sai na cire batirin, hannuna na rawa.

Washegari na nufi Computer Village. Na zaga wurin masu gyara uku. Biyu ko karɓa ba su yi ba. Na ukun, wanda ya daɗe a sana'ar, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce rubutun ba a kan memori yake ba balle a zare, a cikin cikinta yake. Haɗa ta da kwamfuta ma sai ta nemi wannan kalmar. In kuwa ya wanke ta, abin da nake nema ya tafi, kuma wataƙila wayar ba za ta ƙara wuce shafin farko ba, domin a nan takan nemi ta gaisa da kwamfutocin kamfanin, su kuwa an kashe su. Ya ce da a ce na taɓa kwafe ta a kwamfuta tun tana aiki, da wani zancen ake yi. Na biya shi kuɗin shawara na fito.

A taron kwamiti na faɗi gaskiya. Ba zan manta shirun da aka yi ba. Babu wanda ya ce na ci, amma dukiyar marayu ce, kuma wanda aka damƙa wa rubutu ya zo yana cewa waya ta ƙi buɗewa. Ko ni aka gaya wa haka sai na yi wani tunani. Takardar banki ba ta taimaka ba, domin kuɗin kowa nake haɗawa in zuba a dunƙule. Sai Shugaba ya ce a aika gidan marigayi Baba Ma'aji, ya rasu tun 2019, a tambayi babban ɗansa ko littafin nan yana nan.

Yana nan, a cikin akwatin ƙarfe, naɗe a leda. Aka buɗe shafin mai shayi, ga rubutun Baba, kwanan wata, adadi, jimilla, layi bayan layi, har da ranar da ya karɓi wani abu lokacin haihuwar matarsa. A inda idon Baba ya tsaya, jimillar naira 170,000 ce. Rubutun layukan ƙarshe ya karkace, ya hau kan layin rula, amma ana karantawa. Na daɗe ina kallon shafin nan ban iya cewa komai ba.

Saura shekara ɗaya da rabi da babu rubutu ko'ina sai cikin wayata. Muka yi kwana uku muna tantance kuɗin kowa da ke cikin asusu. Abin da ya rage babu mai shi ya kama naira 241,000, har da waccan 170,000. Tsakaninsa da abin da mamaci ya faɗa akwai giɓin 45,000. Ko shi ne ya manta wani abu da ya karɓa, ko ni ne na yi kuskure a wani wuri, ko na zuba nasa a shafin wani, Allah kaɗai ya sani. Dattawa suka ce maganar mamaci za a bi, a cike daga asusun ƙungiya. Na ce a'a, asusun ƙungiya ba shi ya yi sakaci ba. Na biya daga albashina cikin wata uku, aka aika wa iyalinsa cif. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda wasu suka ɗan sauya mini fuska na wani lokaci. Ban ga laifinsu ba.

Kamfanin ma ban ga laifinsa ba. Sun yi kasuwanci, kasuwa ta juya musu baya, sun sanar tun da wuri, sun ba da wa'adi. Kuma ba su kaɗai ba ne. Symbian da ke kan manyan wayoyin Nokia ya tafi. Microsoft da duk ƙarfinsa ya daina kula da Windows Phone 8.1 a Yulin 2017, masu Lumia suka bi sahunmu. Android ɗin da muke taƙama da shi ma kowane zubi yana da ranarsa: tun Oktoban 2023 WhatsApp ba ta aiki a kan wayar da ba ta kai Android 5.0 ba. Abin da ban gane ba a 2014 shi ne, ƙarfen wayar ne kawai na saya da kuɗina. Abin da ke tafiyar da ita aro ne, masu shi suna wata ƙasa, kuma ranar da za su karɓe ba da shawarata za su sa ta ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Don haka ƙannena masu shawarar waya, ban ce a jefar da waya ba. Ni ma da ita nake aiki, kuma na san yanzu akwai hanyoyin ajiya a intanet da suka fi na lokacinmu. Amma su ma suna da masu su, suna da kalmar sirri, kuma galibi a kan mutum ɗaya suke rataye. Tun bayan wancan abu ƙa'idarmu ita ce: kowace ajiya a rubuta ta a littafi a gaban mai ita, a yanka masa rasit ya riƙe, kwafi ya zauna a ofis. Ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafukan a tura wa mutum uku, Shugaba da Ma'aji da Sakatare. Duk wata kalmar sirri ta ƙungiya a rubuta ta a rufe a ambulan, a ajiye wurin Shugaba. In kuna da dabarar da za ta ƙaru a kan wannan, ku kawo, hannu biyu za mu karɓa. A ƙara ne dai, ba a rage ba.

Ku ma da ke karatu, kowa ya duba tasa. Nawa ne daga cikinmu bashin da yake bi da wanda ake binsa duk suna cikin waya ɗaya, babu wanda ya san makullinta ko matarsa? In akwai tsohuwar waya a durowarka mai ɗauke da lissafin wani, ko hoton takardar fili, ko muryar mahaifi da ya rasu, ka tashe ta yau ka kwashe tun tana buɗewa. In manhaja ta fara rubuto maka cewa daga wata kaza za ta daina aiki a wayarka, ka yarda, da gaske take.

Q10 tana nan, saura gwaji biyu. Wani lokaci ina kwance sai wata kalma ta faɗo mini, in ji kamar ita ce, sai in tashi in rubuta ta a takarda. Kalmomin sun kai goma sha. Ban gwada ko ɗaya ba, domin in na yi kuskure sau biyu shafin mai shayi ya tafi har abada, ni kuwa har yanzu ina son in san ko 286,000 ɗin ce.

Allah ya jiƙan Baba Ma'aji, ya jiƙan mai shayi, ya raya abin da suka bari. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.

Naku,
Sakatare